Ƙudajen Ido: Idan Likita Ya Ce Lafiya Lau, Amma Zuciya Ta Ƙi Kwanciya



Akwai wata damuwa da ba a cika ambatarta ba idan shugaban zumunta ya ce a kawo roƙe-roƙen addu'a. Ana kawo maganar jarrabawa, neman aiki, rashin lafiyar iyaye, da tafiye-tafiye. Amma da wuya ka ji wani ya ɗaga hannu ya ce a yi masa addu'a domin yana ganin wasu abubuwa suna yawo a cikin idonsa. Yana tsoron ɗayan biyu: ko a yi masa dariya, ko kuwa a zaro ido a ce abin na miyagun ruhohi ne. Sai ya haɗiye maganar, ya koma gida ya raba dare yana bincike a waya, ya wayi gari da tsoron da ya fi na jiya.

Abin da nake nufi shi ne ɗigo-ɗigon nan da zare-zare, wani lokaci kamar saƙar gizo-gizo, wani lokaci kamar 'yar tsutsa mai haske, waɗanda mutum ke gani suna shawagi a gabansa. Sun fi fitowa idan ya dubi sararin sama, ko farin bango, ko takarda, ko allon kwamfuta. Ya juya ido su bi shi. Ya so ya kafa musu ido su zille. Ya tsaya cik, su sauko a hankali kamar dusa a cikin ƙwaryar ruwa. Likitoci suna kiransu fulotas da Turanci, tsoffin likitocin Turai kuwa sun raɗa musu suna da Latin mai ma'anar ƙudaje masu tashi. Zan ari wannan suna in ce ƙudajen ido.

Ra'ayina shi ne, matashin da ya fara ganinsu ya je wurin likitan ido a duba shi da kyau ba tare da jan ƙafa ba. Idan an duba an ce bayan idonsa lafiya yake, aikin da ya rage na zuciya ne, kuma a nan zumuntarmu take da hakkin da ba ta cika saukewa ba.

Mene ne ainihin abin?

Cikin ƙwayar ido ba fanko ba ne. Akwai wani ruwa mai kauri, garau, kamar farin ɗanyen ƙwai, wanda ya cika kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayar. Yawansa kusan mililita 4 ne, wato bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba. Kusan dukansa ruwa ne zalla, sai wasu siraran zaruruwa da suke riƙe da shi. A bayansa akwai ratina, siririyar fatar da ke shimfiɗe a bangon ido, wadda ke karɓar haske ta aika wa ƙwaƙwalwa. Da tafiyar shekaru, ruwan nan yakan fara tsinkewa, zaruruwan su dunƙule nan da can. Idan haske ya shigo, dunƙulen sai ya jefa inuwarsa a kan ratina. Wannan inuwa ita ce kake gani.

Saboda haka abin yana can ciki, ba a saman ido yake ba. Wanke ido ko murza shi ba ya taɓa shi. Kuma ba yanar ido ba ce, gama yana tana kama madubin da ke gaba ne. Ba kuma gilakoma ba ce, wadda ke lalata jijiyar gani a hankali.

Yawanci abin na manya ne, waɗanda suka haura shekara 50, lokacin da ruwan kan janye daga jikin ratina. To, me ya kawo shi ga ɗan shekara 20? Babban dalili shi ne rashin ganin nesa. Masu sa tabarau domin ba sa ganin allo daga bayan aji, ƙwayar idonsu ta fi ta sauran mutane tsawo, ruwan cikinta kuma yakan tsinke da wuri. Bugu a ido, ko a filin ƙwallo ko a haɗarin babur, yana iya jawo shi. Kumburi a cikin ido ma haka. Da yawa kuma babu wani dalili na musamman, haka idonsu yake. A wani bincike da aka buga a 2013, an tambayi masu amfani da wayar hannu mutum 603, kashi 76 cikin 100 suka ce suna ganin irin waɗannan abubuwa. Ke nan idan ka dubi waɗanda kuke zaune benci ɗaya ran Lahadi, da wuya a ce kai kaɗai ne.

Alamun da ba a kwana da su

Kafin in shiga maganar zuciya, dole in faɗi wannan a fili, domin akwai lokacin da ƙudajen ido ke zama ƙararrawar haɗari. Ka nemi likitan ido a ranar, ba mako mai zuwa ba, idan ƙudajen suka ƙaru farat ɗaya kamar an watsa toka ko barkono. Haka kuma idan kana ganin walƙiya a gefen ido, musamman cikin duhu, ko wani baƙin labule yana rufowa daga gefe, ko sama, ko ƙasa, ko ganinka ya ragu kwatsam, ko idon ya yi ja yana ciwo, ko abin ya biyo bayan bugu.

Waɗannan suna iya nuna cewa ratina ta yage ko ta fara ɓantarewa daga bangon ido, ko jini ya zuba a ciki. Muna cewa jiki magayi, amma a nan jiki ba ya faɗa da zafi, gama ratina ba ta jin ciwo. Mutum zai iya rasa ganinsa ba tare da ko ɗan raɗaɗi ba. Idan aka kama yagewar da wuri, sau da yawa ana ɗinke gefenta da hasken leza ba tare da an kwantar da mutum ba. Idan aka yi jinkiri har ta ɓantare, sai babbar tiyata, kuma ba lallai gani ya dawo yadda yake ba.

Akwai mutane biyu a cikinmu da ya kamata su fi kowa lura. Na farko masu ciwon suga. Na biyu masu sikila, wadda ƙasarmu Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita. Sikila tana toshe ƙananan hanyoyin jini na ratina, sababbi marasa ƙwari su tsiro, su fashe. Abin lura kuma, masu nau'in SC, waɗanda ciwon bai cika kwantar da su kamar masu SS ba, su ne suka fi fuskantar wannan matsala ta ido. Idan kana cikin waɗannan, ka riƙa zuwa a duba bayan idonka a kai a kai ko da ba ka ganin kome.

Wurin zuwa akwai. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano, akwai sashen ido a asibitocin koyarwa irin na Jos da na Shika a Zariya. Gwajin tabarau a shago bai isa ba. Abin da ake buƙata shi ne a ɗiga maka maganin da ke buɗe baƙin ido, a jira kamar minti 20 zuwa 30, sa'an nan likita ya haska ya duba ratina har gefe-gefenta. Bayan haka ganinka zai yi dishi-dishi na wasu awoyi, haske kuma zai dame ka, don haka kada ka tuƙa babur ko mota, ka tafi da wani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka faɗa wa likita duk maganin da ka ɗiga, da kowace cuta da kake da ita. Kafin ka fito ka tambaye shi abu uku: ratina ta lafiya? Yaushe zan dawo? Me zan gani in rugo da gudu? Ka rubuta amsoshin a takarda. Za ka buƙace su a daren da tsoro ya dawo.

Me ya sa ƙaramin abu ke cin zuciya haka?

Yawancin matasa za su ji amsa mai daɗi: ido lafiya, sai ka saba. Da yawa sukan fito da murna. Wasu kuwa a nan wahalarsu take farawa, domin an ce babu kome, ga shi kuwa suna ganin abin daga buɗe ido da safe har rufe shi da dare.

Kada wani ya ce raki ne. A 2011 likitoci a Singafo sun buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa mutum 266 masu wannan matsala. A matsakaici, mutanen sun ce a shirye suke su ba da kusan shekara ɗaya cikin kowace goma ta sauran rayuwarsu, in dai za su rabu da ƙudajen. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dalilan a bayyane suke. Ciwon kai yakan zo ya tafi, wannan kuwa duk inda ka duba yana nan. Ba wanda zai iya gani tare da kai, don haka ba ka da shaida. Yana taɓa gaɓar da kowa ya fi tsoron rasawa. Ga matashi kuma akwai ƙarin wani abu: shi ne karo na farko da jikinsa ya nuna masa cewa akwai abin da zai iya canjawa ya ƙi komawa. Ɗalibar da ke shirin rubuta JAMB a gaban farin allon kwamfuta, ko telan da ke ɗinka farin yadi, ko ɗan kwaya mai karanta waƙa a allon majigi, kowannensu zai fara lissafi: in yanzu haka ne, yaya zai zama ina shekara 40? Wa zai aure ni? Zan iya aikin da na karanta?

Daga nan sai a shiga wani zagaye. Mutum ya tashi da safe ya dubi rufin ɗaki ya ƙirga su. Ya fita ya dubi sama ya ga ko sun ƙaru. Ya rufe ido ɗaya ya gwada ɗayan. Kowane dubawa yana ba shi sauƙin minti biyar, sa'an nan ya koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa abin nan haɗari ne, a sa masa ido.

Allah ya yi ƙwaƙwalwarmu da iya tace abin da ba shi da amfani. Hancinka yana cikin abin da idonka ke gani kowane lokaci, amma ba ka lura da shi sai yanzu da na ambata. A kowane ido akwai wani gurbi da ba ya gani ko kaɗan, inda jijiyar gani ta fita, wanda wani masani Bafaranshe, Edme Mariotte, ya gano tun ƙarni na 17, amma ba wanda ke yawo yana ganin rami a gabansa, domin ƙwaƙwalwa tana cike gurbin. Wanda gidansa ke kusa da injin niƙa yakan daina jin ƙararsa, baƙo ne ke toshe kunne. Haka ƙwaƙwalwa take yi da ƙudajen ido ga yawancin mutane cikin watanni. Sai dai ba ta watsar da abin da ka hakikance maƙiyi ne. Tsoro shi ke riƙe su a tsakiyar hankali.

Kuma cewa "ba zan yi tunaninsu ba" ba ya aiki. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Wegner, ya ce wa mutane su yi ƙoƙari kada su yi tunanin wata farar dabba na 'yan mintoci. Tunanin ya yi ta dawo musu, bayan an ɗage hanin kuma ya dawo fiye da na waɗanda ba a hana ba. Wanda ke gadin ƙofa don kada wani tunani ya shigo, ai yana tunaninsa ke nan.

Inda mu 'yan zumunta muke tuntuɓe

Idan ɗan'uwa ya yi ƙarfin hali ya faɗi damuwarsa, amsa biyu ya fi samu, kuma dukansu suna ƙara masa kaya.

Ta farko ita ce raini. "Wannan ne kake kuka a kai? Je ka asibiti ka ga makafi." Gaskiya ne akwai masu wahalar da ta fi tasa, shi ma ya sani, sanin ne ma ke sa shi jin kunya. Amma ba a taɓa warkar da mai tsoro ta wurin kunyata shi ba. Abin da kawai zai koya shi ne kada ya ƙara faɗa.

Ta biyu ta fi haɗari, wato mai da abin na ruhu. Wani zai ce jifa ce daga ƙauye. Wani zai ce idon ruhaniya ne ke buɗewa, wahayi na zuwa. Wani zai ce akwai zunubin da ba a furta ba. Ina roƙon shugabanninmu su yi hankali a nan. Matashin da aka ce masa maƙiya ne suka jefe shi, kun ba shi dalilin sa wa ƙudajen ido dare da rana, kun kuma mai da 'yan'uwansa na jini abin zargi. Idan kuma abin da yake gani jini ne ko yagewar ratina, kwana bakwai na azumi kafin zuwa asibiti suna iya zama kwanakin da aka rasa idon a cikinsu. A Yohanna sura 9, almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, abin da ya fara zuwa bakinsu shi ne neman mai laifi, shi ko iyayensa. Yesu ya ƙi wannan lissafin gaba ɗaya. Bai kamata mu ɗauko abin da Ubangijinmu ya ajiye ba.

Na san wani zai ce, "To, kai ba ka ba da gaskiya cewa Allah yana warkarwa ba?" Na ba da gaskiya, kuma ina ƙarfafa duk mai wannan damuwa ya roƙi Allah ya kawar da ita. Amma addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Waɗanda suka kawo bishara ƙasarmu sun gina majami'u, sun kuma gina asibitoci, har da na ido, ba su ga wani saɓani ba.

Abin da nake ƙi shi ne koyarwar da ke cewa in ba ka warke ba, bangaskiyarka ce ta gaza. Manzo Bulus ya gaya wa Korintiyawa, a wasiƙarsa ta biyu sura 12, game da wata ƙaya a jikinsa. Sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire ta. Ba a cire ba, aka ba shi alherin ɗaukarta, da ita kuma ya ci gaba da tafiye-tafiyensa da dasa ikkilisiyoyi. Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Akwai kuma labarin makahon Betsaida a Markus sura 8. Bayan Yesu ya taɓa shi karo na farko, ya tambaye shi ko yana ganin wani abu. Mutumin ya faɗi gaskiya: yana ganin mutane, amma ba sosai ba, kamar itatuwa ne masu tafiya. Bai yi tsalle ya ce ya warke sarai don ya faranta wa kowa rai ba. Yesu kuwa bai tsauta masa ba, ya sāke taɓa shi. Mu ma mu daina matsa wa wanda muka yi wa addu'a ya ce abin ya tafi alhali yana nan. Shaidar ƙarya ba ta ɗaukaka Allah, kuma takan bar mai ita da kaɗaicin da ya fi na dā.

Garin neman gira

Mai damuwa kasuwa ce ga mai sayar da magani. Bari in faɗa kai tsaye: babu maganin ɗigawa, ko tozali, ko sassaƙe, da ke narkar da ƙudajen ido. Ruwan albasa, ruwan suga, nonon mace, fitsari, ruwan ganye, duk waɗannan da ake ɗiga wa ido a gida suna iya ƙona shi ko su sa masa ƙwayar cuta. Wasu magungunan ɗigawa da ake saye a kemis ba da takardar likita ba suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda yawan amfani da shi ke iya haddasa gilakoma da yanar ido. Sai a tashi daga abin da ba ya makantarwa a faɗa wanda ke makantarwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Akwai tiyata ta gaske, wadda ake zuƙe ruwan mai kauri a sa wani a madadinsa. Likita Robert Machemer ne ya fara ta a Amurka a farkon shekarun 1970, kuma ta ceci idanu masu yawa daga zubar jini da ɓantarewar ratina. Tana kawar da ƙudaje, amma tana da nata haɗarin: yanar ido da wuri, yagewar ratina, da shigar ƙwayar cuta. Shi ya sa likitoci ba sa saurin yi wa matashi mai lafiyayyen ido, sai wanda abin ya hana shi karatu ko aiki na dogon lokaci. Akwai kuma masu farfasa su da leza, amma ba kowane irin ƙuda take yi wa aiki ba, musamman ƙananan da ke kusa da ratina, irin waɗanda matasa suka fi samu. Wannan shawara ce ta tsakaninka da ƙwararren likitan ratina, ba ta masu talla a Facebook ba.

To, yaya za a rayu da su?

Ka daina gwajin. In likita ya duba ka, ka kuma san alamun haɗari, to ka bar ƙirga. Alamun haɗari ba sa buƙatar a neme su, da kansu suke sanar da zuwansu. Duk lokacin da ka ji sha'awar duban sama don ka gwada, ka gane cewa tsoro ne ke aikenka, ka ƙi zuwa aiken.

Ka rage bincike a intanet. Waɗanda suka saba da ƙudajensu suka ci gaba da rayuwa ba sa komawa su yi rubutu. Waɗanda ke cikin tsananin damuwa su ne ke cika shafukan. In ka kwana kana karanta su, za ka ɗauka ƙarshen kowa ke nan.

Idan sun gilma, kada ka yi kokawa da su. Ka ce a ranka, "Ga su nan, inuwa ce," ka mai da ido kan abin da kake yi. Za ka yi haka sau ɗari a rana da farko. Sannu a hankali za ka tarar awa guda ta wuce ba ka tuna da su ba, daga baya yini guda.

Ƙananan dabaru ba laifi ba ne: baƙin tabarau a tsakar rana, rage hasken allo ko mai da shi baƙi, ɗan juya ido sama da ƙasa don ƙudan ya kauce daga tsakiya. Amma kada ka gudu daga rayuwa. Wanda ya daina fita da rana, ya daina karatu, ya koma zaman ɗaki mai duhu, duniyarsa ce ke ƙanƙancewa, ƙudajen kuwa suna ƙara girma a zuciyarsa. Mai zanen nan na ƙasar Norwe, Edvard Munch, jini ya zuba a cikin idonsa na dama a 1930, ya riƙa ganin wata inuwa mai kama da tsuntsu a gabansa. Mutumin da ido ne jarinsa, ya ɗauki takarda ya riƙa zana abin da yake gani, ya kuma ci gaba da aikinsa har kusan rasuwarsa a 1944.

Ka gyara addu'arka. Roƙon warkarwa daidai ne, amma in kowace addu'a ta ƙare da buɗe ido a duba ko sun tafi, addu'ar ta zama wani gwajin. Ka roƙi salama, ka roƙi barci, ka roƙi ikon mai da hankali ga karatu. Ka gode domin abin da idon nan yake gani har yanzu: fuskar mahaifiyarka, rubutun Littafi Mai Tsarki, hanyar gida.

Ka faɗa wa mutum ɗaya mai hankali. Idan kuma makonni sun wuce ba ka barci, ba ka cin abinci, ka janye daga mutane, ko tunanin cewa gara mutuwa ya fara zuwa maka, to damuwar ta zama ciwo mai zaman kansa, kuma tana da magani. Ka gaya wa fasto ko wani babba da ka amince da shi yau, ku je wurin likitan da ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba abin kunya ba ne. Annabi Iliya ma, a 1 Sarakuna sura 19, ya kai inda ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da yi masa faɗa ba, ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan aka yi magana.

Ga sauranmu kuma, aikin ba shi da wuya. Idan 'yar'uwa ta ce tana ganin abu a idonta, tambaya ta farko ita ce, "An duba ki?" In ba a duba ba, a raka ta, in kuɗin mota ko na kati ne matsala, asusun zumunta ya taimaka. In an duba, a saurare ta ba tare da wa'azi ba. Kada a riƙa tambayarta kowace Lahadi ko sun tafi, gama wannan tuni ne. A tambaye ta karatu, a ba ta aiki a shirin taron matasa, a ja ta cikin mutane. Shugabanni kuma su yi tunanin gayyato ma'aikacin lafiyar ido daga cikin ikkilisiya, ya yi wa matasa bayani ko sau ɗaya a shekara. Rabin awa na bayani zai kwantar da hankalin mutum goma, ya kuma tura mutum ɗaya asibiti a kan lokaci.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, mai yiwuwa ƙudajen nan su dusashe, mai yiwuwa su zauna. Abin da ya fi faruwa shi ne su zauna a ido, su fita daga zuciya. Ka ba ƙwaƙwalwarka lokaci ta yi aikin da Mahaliccinta ya shirya ta domin shi.

Mu yi addu'a.

Ya Uba, kai ka yi ido, ka kuma san abin da kowannenmu yake gani wanda ba ya iya nuna wa kowa. Ka ba masu tsoro ƙarfin halin zuwa a duba su. Ka ba likitoci hikima. Waɗanda ke cikin haɗari ka kai su a kan lokaci, waɗanda idonsu ke lafiya kuma ka kwantar musu da zuciya, ka mayar musu da barcinsu. Ka koya mana mu zama zumuntar da ake iya faɗa wa gaskiya. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.